Kafin a Tilasta wa Gwamnati Sayen Kifin Gida

Motocin da ke fitowa da sassafe daga ɗakunan sanyi na Ijora da Apapa, shaƙe da katan-katan na kifin ƙanƙara irin su titus da kote da shawa da panla, kusan duk abin da suke ɗauke da shi daga ƙetare ya zo: Holan, Norway, Rasha, Chile, Muritaniya. Yawancin kayan kasuwanni suke nufa, amma wani kaso yana ƙarewa a tukwanen makarantun kwana na gwamnati da gidajen gyaran hali da barikoki da asibitoci. Wato da kuɗin harajin ɗan Najeriya ake biyan masuncin wata ƙasa, alhali mai kiwon tarwaɗa a Ikorodu yana neman wanda zai ɗauke masa kifinsa kafin abincin da ya rage ya ƙare. Alƙaluman da gwamnati kanta take ambata sun nuna ƙasar nan na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai kai rabin haka ba.

Saboda haka kiran a yi doka da za ta sa hukumomin gwamnati su fifita kifin gida yana bisa hanya, kuma ina goyon bayansa. Sai dai irin wannan doka tana da sauƙin rubutawa, tana kuma da sauƙin zagayewa. An riga an gwada makamanciyarta.

A watan Mayun 2017, Yemi Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da hukumomin tarayya ke kashewa kan wasu kayayyaki ya tafi ga na gida, kuma abinci da abin sha na cikin jerin. A Mayun 2025 majalisar zartarwa ta amince da manufar fifita Najeriya a sayayyar gwamnati. Ita ma Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 tana da sashe na 34 da ya yi maganar rangwame ga kayan gida. To amma wannan sashe ya taƙaita rangwamen ga kwangilar da ake gasarta da kamfanonin ƙasashen waje. Kwangilar ciyar da ɗalibai ko fursunoni kuwa tsakanin 'yan kwangilar gida ake gasarta, don haka sashen bai taɓa ta ba. Umarnin 2017 kuma ya haɗa abinci gaba ɗaya a buhu guda: hukumar da ta sayi shinkafa da garin rogo da manja na gida ta cika kashi 40 ɗinta, ko da kifin da ke cikin miyar daga tekun Turai ya fito.

Akwai kuma abin da masu rubuta doka ke yawan mantawa. Gwamnati ba ta zuwa kasuwa sayen kifi. Ɗan kwangila take ba kuɗi bisa ƙidayar kawuna, shi ne yake saye. Kuɗin ciyar da fursuna ɗaya ya tashi daga Naira 750 zuwa Naira 1,125 a rana a 2024, cin safe da rana da dare. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 da Naira 70 kan kowane yaro aka soma shi. Mutumin da aka ba wannan kuɗi, ya fitar da na icce ko iskar gas da na masu dafawa da ribarsa, abin da ya fi araha a ɗakin sanyi shi zai ɗauko, galibi panla ko shawa. Duk dokar da ta tsaya a kan ma'aikata, ba ta bi kuɗin har hannun ɗan kwangila da wanda ya ba ƙaramar kwangila ba, a takarda za ta tsaya. Dole sharaɗin ya shiga cikin yarjejeniyar ciyarwar kanta, kuma ya zama ba a biyan kuɗin wata sai an haɗa da shaidar inda aka sayi kifin.

Amurka ta daɗe a wannan hanya, kuma akwai abin ɗauka a yadda ta yi. Tun 1941 take da doka da ta wajabta wa ma'aikatar tsaronta sayen abincin gida, a 1998 kuma aka sa irin sharaɗin a dokar ciyar da 'yan makaranta. Duk da haka sai a 2024 ma'aikatar nomansu ta ga dole ta sa iyaka da lamba, saboda ƙofar uzuri ta yi faɗi: abincin waje kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na sayayyar makarantu daga 2025, ya sauka zuwa 8 a 2028, sannan 5 a 2031. Ta kuma fayyace abin da ake nufi da kifin gida. Na kiwo sai an yi kiwonsa a cikin ƙasar, na teku sai an kama shi a ruwan ƙasar ko da jirgi mai ɗauke da tutarta.

Wannan fayyacewar ita ce zuciyar al'amarin a wurinmu. Idan doka ta ce kayan "kamfanin Najeriya", an gama, domin manyan masu shigo da kifin ƙanƙara duk kamfanoni ne masu rajista a nan. Idan ta ce wanda aka "sarrafa a Najeriya", nan ma an buɗe ƙofa: a sauke panla a Apapa, a narkar da shi, a lanƙwasa, a kyafe shi a bakin hanya, ya koma ɗan gida. Duk mai yawo a kasuwannin Legas ya san kyafaffen panlan nan mai zagaye da ake tsire wutsiyarsa a baki. Aikin kyafewar na gida ne, kifin kuwa baƙo ne. Ma'aunin da ba shi da yaudara shi ne inda aka kama kifin ko inda aka yi kiwonsa: tafkin kiwo a cikin Najeriya, kogi ko tafki ko gaɓar da aka sauke shi a mashigar Najeriya, ko jirgin da ke da lasisin sashen kula da kamun kifi na tarayya. Maganar mashigar saukewa tana da muhimmanci ga kifin Tafkin Chadi, ruwan da muke tarayya da Chadi da Nijar da Kamaru. Ba wanda zai iya tantance gefen da aka jefa koma, amma kowa ya san abin da aka sauke a Baga.

Sai maganar yawa da siffar kayan, inda mai son kifin gida ya kamata ya faɗa wa kansa gaskiya. A ɗauka makaranta mai ɗalibai 1,000 tana ba da kifi sau biyu a mako, yanka mai giram 100. Kilo 200 ke nan a mako, katan 10 na kilo 20, a kira waya ɗaya a kawo. Zangon karatu na mako 13 zai ci kilo 2,600. Idan tarwaɗa za a kawo, lissafin ya canza, domin kanta babba ne, kai da kayan ciki suna cinye kusan kashi ɗaya bisa uku ko fiye na nauyinta. Ana buƙatar kimanin kilo 300 na mai rai kowane mako. Mai kiwon da ya zuba 'ya'yan kifi 1,000 sai ya yi wata biyar zuwa shida kafin ya kwashe abin da bai kai tan ɗaya ba, bayan ya zuba musu buhunan abinci masu yawa. Abincin nan shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na jarinsa, kuma farashinsa yana bin na masara da waken suya da garin kifin da ake shigowa da shi. Ke nan tafkinsa guda ba zai riƙe makaranta ɗaya fiye da mako uku ba. Sai an haɗa masu kiwo da yawa, kowa ya zuba irinsa a mako daban, ta yadda girbi zai riƙa fitowa a jere. Wuri irin rukunin masu kiwon kifi na Odogunyan a Ikorodu ya dace da wannan tsari, amma ba wanda zai tsara zubinsa haka sai yana da takardar oda a hannu wata shida kafin lokaci.

Ɗanyen kifi kuma ba ya jira. A zafin Legas, kifin da aka fito da shi daga ruwa a Epe ko Badagry da asuba, in ba a zuba masa ƙanƙara daidai nauyinsa ba, kafin azahar ya fara juyawa. Wanda aka daskarar sai ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kicin nawa na gwamnati ke da wutar da za ta riƙe haka dare da rana? Don haka a ganina kifin da zai fara cika wannan gurbi shi ne kyafaffe. Kilo uku zuwa huɗu na ɗanyar tarwaɗa ke ba da kilo ɗaya na busasshiya, ba ta buƙatar firji, kuma ƙaramin yanki yana ƙosar da miya. Ya kamata dokar da ake nema ta auna rabo da nauyin busasshe daban da na ɗanye, in ba haka ba mai sito zai kwatanta kilo da kilo ya ce na gida ya ninka tsada.

Jatan lande ba ya cikin wannan lissafi. Jiragen da ke kama shi a tekunmu Turai suke kai mafi kyawunsa saboda kuɗin waje, kuma ba abincin kicin ɗin gwamnati ba ne. Abin da za a iya nema daga gare su shi ne ƙananan kifayen da ke biyo raga.

Biyan kuɗi shi ne inda za a yi ta ko a bar ta. Dokar 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba ya zama jinkiri, kuma akwai ruwa a kansa. Kowane ɗan kwangila ya san yadda kwana 60 ke komawa wata shida. Babban mai shigo da kaya yana da banki a bayansa, yana iya ba da katan bashi ya jira. Mai kiwo ba zai iya ba, domin da kuɗin wannan girbin zai sayi irin gaba da abincinsa. Haka ma dillalin banda, wanda ya karɓo kaya bisa amana daga Yawuri ko Hadeja, masu kaya suna jiran kiransa. Idan ba a sa wa'adin kwana 30 ba, tare da asusun da aka keɓe kuɗin tun kafin a kawo kaya, manyan nan da ake son rage wa kasuwa su ne za su sayi kifin ƙananan da araha su kai wa gwamnati, su ci ribar dokar.

Yanzu ga namu, 'yan kasuwar busasshen kifi na Mile 12 da Oyingbo da sauran wurare. Alhazai, wannan doka in ta zo, da awo za ta zo. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu na yayyafa wa banda maganin ƙwari irin su fiya-fiya don hana tsutsa da ƙwaro cinye ta a hanya. Kwali ɗaya da aka kama da wannan a abincin yara ya isa a rufe ƙofar ga kowa, masu shigo da kifi kuma su samu hujjar da suke nema. Dalilin tsutsar sananne ne: kifin bai bushe sosai ba, ko an cusa shi a kwali da sauran ɗumi, ko ya sha raɓa. Kifin da danshinsa ya sauka zuwa kashi 10 zuwa 15 cikin 100, aka bar shi ya huce, aka rufe a leda mai kauri, yana yin makonni ba fumfuna. Hayaƙi ma yana da tasa illar. Kyafewa kai tsaye a kan harshen wuta, musamman da itace mai ƙaro ko katako mai fenti, tana barin sinadarin da ke jawo cutar daji a jikin kifin, har Tarayyar Turai ta sa masa iyaka mai tsanani. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island ta ƙera murhun kyafewa mai rufi da ke raba kifi da wutar, kuma irinsa ake buƙata. Mun ga abin da rashin takardun shaida ya jawo a 2018, lokacin da Amurka ta hana shigar tarwaɗar Najeriya. Kasuwanci da gwamnati yana son rajistar ƙungiya, asusun banki da sunanta, lambar haraji, rasiɗi, sikeli mai gaskiya, da rajistar NAFDAC ga wanda zai ƙulla kaya a leda. Cinikin baki da baki da muka saba, komai amanarsa, ba ya shiga fayil.

Akwai wani tarko idan majalisar jihar Legas da ke Alausa ce ta riga ta tarayya yin dokar. Legas tana da dokar sayayyarta tun 2011, aka sabunta a 2021, kuma za a iya jarabtar 'yan majalisa su ce kifin gida shi ne na jihar Legas kaɗai. Masuntan Epe da Makoko da Badagry sun cancanci kaso, ana iya ware musu. Amma jihar da take cin kifi fiye da abin da take kamawa ba za ta ciyar da makarantunta da ruwanta kaɗai ba, kuma duk giɓin da ya rage, da sunan "babu na gida" za a cike shi da katan daga Apapa. Bandar Kainji da ta Baga kifin Najeriya ce, a rubuta haka ɓaro-ɓaro.

Kason kuma kada a fara da kashi 100, don ba za a iya ba, kuma dokar da ba a iya bi ita ke koya wa jami'ai ƙarya a takarda. A fara da kashi 20 ko 25 na kifin da kowace hukuma ke ci, a lissafa shi shi kaɗai ba tare da shinkafa ba, a ƙara duk bayan shekara biyu. Hukumar da ta nemi uzuri ta rubuta dalili, a wallafa shi a shafin BPP, hukumar da ke kula da sayayyar gwamnatin tarayya, ko na hukumar sayayya ta jiha tare da farashin da ta ce ta samu, domin ƙungiyar masu kiwo ko ta 'yan banda da ke da kaya a ƙasa da wannan farashi ta samu damar ƙalubalanta cikin mako biyu.