Ba Daga Ramin Ma'adinai Issoufou Ya Faɗa Fadar Shugaban Ƙasa Ba

Yana damuna in ji ana cewa karatun injiniya ne ya ɗora Mahamadou Issoufou kan mulkin Nijar, wai jama'a sun gaji da 'yan siyasa suka ɗauko masani. Akwai dalilin wannan zato: injiniyan ma'adinai ne, ya yi daraktan ma'adinai na ƙasa, ya yi aiki a kamfanin yuraniyom na SOMAIR.

Amma ɗan siyasa ne tun da jimawa. Da shi aka kafa jam'iyyar PNDS-Tarayya a 1990, ya zama firaminista a 1993, sannan shugaban majalisar dokoki. Sau huɗu yana neman shugabancin ƙasa yana faɗuwa: 1993, 1996, 1999, 2004. Sai a 2011 ya ci, bayan shekara 20 yana gina jam'iyya da ƙulla ƙawance.