Shekara biyu suna jiran Judith

Tun jiya da na ga hotunan ayyukan Judith Scott, wata mai fasaha Ba'amurkiya, zuciyata ta ƙi sakin maganarta, shi ya sa na ce bari in rubuta.

An haife ta a 1943 a jihar Ohio ta Amurka, tagwaye ne ita da Joyce. Judith ta zo da lalurar da likitoci ke kira Down, ga kuma kurumta da ta same ta tun tana jaririya, amma ba wanda ya gano ba ta ji sai bayan ta girma. Ana mata magana ba ta amsawa, sai aka yanke cewa ba za ta iya koyon komai ba. Tana shekara 7 aka ɗauke ta aka kai gidan ajiye masu irin lalurarta. Duk wanda ya tashi gidan da akwai Hassana da Usaina ya san abin da raba su yake nufi. Shekara 35 ta yi a rufe.

Joyce ce ta je ta ɗauko ta zuwa Kalifoniya. A 1987 ta fara zuwa Creative Growth, wani ɗakin fasaha a birnin Oakland da mata da miji, Florence Ludins-Katz da Elias Katz, suka kafa a 1974, lokacin da ake sallamar mutane daga irin waɗancan gidaje ba tare da an tanadar musu abin yi ba. Tsarinsu shi ne a ba ka teburi da kayan aiki, ma'aikata su taimaka in ka nema, ba mai kama hannunka ya gyara maka zane. In an sayar da aikinka kana da kasonka.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. Judith ta yi kusan shekara biyu tana zuwa ba ta yi wani abin a zo a gani ba. Fenti bai dame ta ba. Ba su kore ta ba, ba su ce ta tare wa wani wuri ba. Sai wata rana mai fasahar zare, Sylvia Seventy, ta zo koyarwa, Judith ta ɗauki sanduna ta fara naɗe su da zare da tsumma. Daga nan ba ta tsaya ba har rasuwarta a 2005. Duk abin da hannunta ya kai, naɗe shi take yi, har keken sayayya na kanti. Gidan tarihi na Brooklyn da ke birnin New York ya baje kolin ayyukanta a 2014, a 2017 aka kai su babban bikin fasaha na birnin Venice a ƙasar Italiya.

Amma ni ba ɗaukakar ce hujjata ba. Yawancin masu zuwa ɗakin ba za su ga Venice ba, kuma hakan bai rage musu komai ba. Jiran nan nake magana. Mu muna da tausayi, ban musa ba. Mukan ce "Allah sarki", mu miƙa sadaka. Sai dai tausayinmu yakan ƙare a ciyarwa da tufatarwa, sannan a ajiye yaro a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo, a kira shi dolo ko gaula a gabansa kamar ba ya ji. Wa ya taɓa tambayar me hannunsa ke so?

Akwai wani yaro mai irin lalurar Judith a layinmu da ke zana motoci da gawayi a katangar mutane. Ni da kaina na taɓa kora shi, kuma yau abin yana cin raina. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je in gaida mahaifiyarsa, in tambaye ta ko za ta bar shi ya riƙa zuwa zaurenmu. Na riga na sayi takardu da fensir mai launi.