Conques ta tsira, sauran ƙauyukan fa?

Wani labari da na karanta ya ce masu yawon buɗe ido ne ke raya kayan tarihin ƙananan ƙauyukan Faransa, ya kafa hujja da Conques, wani ƙauye a kudancin ƙasar. Ni dai ban gamsu ba. Conques ai 'yar gata ce. Cocinta na Sainte-Foy yana kan hanyar Kiristoci masu ziyarar ibada zuwa birnin Santiago de Compostela na Sifen, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1998, a saman ƙofarsa kuma akwai sassaƙen dutse na ranar hisabi mai siffofi 124, 'yan aljanna a gefe guda, shaiɗanu na cusa masu zunubi cikin bakin dodo a ɗaya gefen. Shi ma da ƙyar ya sha, don yana daf da rushewa sufeton gine-ginen tarihi ya je a 1837 ya sa aka ceto shi. Abin da marubucin ya tsallake shi ne dokar 1905 da ta raba gwamnati da addini. Cocin da aka gina kafin lokacin galibi mallakar hukumar ƙauye ne, ita ke da ɗawainiyar rufi da bango. Ƙauye mai mutum 200, yawancinsu tsofaffi, ina zai samo kuɗin gyaran hasumiyar ƙararrawa? Akwai kuma cacar tallafin kayan tarihi da aka fara a 2018, gaskiya tana taimakawa, amma wurare kaɗan take ɗauka duk shekara. Ƙauyen da motar baƙi ba ta tsayawa fa, wa zai gyara masa?