Makabarta a hannun ƙaramar hukuma, fili a hannun gwamna

A Kano, kusan duk shekara sai an ji kukan cewa wata makabarta ta cika, ko ruwa ya zabtare mata gefe, ko wani ya wayi gari ya kafa harsashin shago a jikin katangarta. Sai a yi kira ga masu hannu da shuni, a kafa kwamitin unguwa, a tara kuɗin bulo da siminti. Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a doka, wa ke da alhakin samar wa mutanen birni wurin da za a binne su?

Amsar tana rubuce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sa kafa makabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a jeri ɗaya da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce duk filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin ikon gwamna. Ƙaramar hukuma filayen karkara kawai take iya rabawa. Wato an ɗora wa ciyaman aikin, an kuma riƙe ƙasar da zai yi aikin a kanta. Ka duba Dala ko Fagge ko Ƙaramar Hukumar Birni: ina gonar da ta rage da za a yanka? Ko da shugabanninsu na da niyya, sai sun nemi fili a Ungogo ko Kumbotso, can ma sai da sa hannun gwamnatin jiha. A wannan tsakanin ne maganar take faɗuwa, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, makabartu irin su Dandolo da Abbatuwa kuwa na ci gaba da karɓar gawa kullum.

Akwai masu ganin mafita ita ce a yi dokar hana makabarta a cikin gari gaba ɗaya, a kai komai bayan gari. Ba sabon tunani ba ne. A Faransa an rufe tsohuwar makabartar tsakiyar Paris a 1780 saboda cunkoso da ɗoyi, kuma a 1804 Napoleon ya yi dokar cewa a riƙa binne mutane a wajen gari. Makabartar Père Lachaise da aka buɗe a shekarar, a wancan lokaci bayan gari take. Yau tana cikin birnin, gidaje sun kewaye ta. Haka ta faru da mu. Kakanninmu ba a tsakiyar gidaje suka yanka makabartu ba, gari ne ya bi su ya cim musu. Dokar da ta ce “a kai waje” ba tare da ta hana gini ya matso ba, jinkirta matsalar kawai ta yi.

Sannan mu ba ma ajiye gawa. Wanda ya rasu da asuba, sau da yawa kafin azahar an yi masa sutura, maƙwabta sun ɗauki makara a kafaɗa sun kai shi. In aka mayar da makabarta nisan da sai da mota, mai kuɗi ba zai ji komai ba. Talaka ne za a ƙara wa kuɗin haya a kan na likkafani da itace da tukwane, tsofaffin unguwa kuma a hana su ladan rakiya.

Ba ina raina batun lafiya ba ne. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ba da shawarar a bar tazarar mita 250 tsakanin kabari da rijiya ko burtsatsen da ake shan ruwansa, kuma ƙasan kabari ya kasance aƙalla mita 1 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Duk wanda ya san unguwannin awon igiya ya san yadda wannan ma’auni yake da nisa da abin da ke ƙasa: dillali ya yanka fuloti har jikin katangar makabarta, mai gida ya haƙa rijiyarsa a tsakar gida tunda famfo ba ya zuwa. Wa ya kamata doka ta kama a nan? Ai wanda ya zo daga baya. Haka kuma bai kamata a bar al’umma ta cike kududdufi ko ta karɓi kyautar fadama ta mayar makabarta ba don kawai shi ne abin da ya samu. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta shiga har makabartar Gwange, kuma wanda ya ga halin da mutane suka shiga ba zai ɗauki zaɓen wuri da wasa ba.

Abin da ya kamata majalisar dokokin jiha ta rubuta bai da tsawo. Kada hukumar tsara birane, KNUPDA, ta amince da kowane sabon rukunin filaye sai an ware na makabarta gwargwadon yawan gidajen, yadda ake ware na makaranta da masallaci, kuma a hana sauya masa manufa. Wannan sharaɗi ya hau kan masu awon igiya ma, domin can ne jama’a suka fi yawa. Makabartun da ake da su kuwa a auna su, a fitar musu da takardar shaidar mallaka a matsayin wakafi. Yawancin rigimar cin iyaka daga nan take: wani bawan Allah ya ba da gonarsa da baki gaban mai unguwa da liman, shaidu suka rasu, jikoki suka ga filin ya yi daraja. A fiƙihun Malikiyya kabari hubusi ne, wato wakafi, ga mai shi, ba a tone shi muddin akwai saurarsa a ciki. Amma alƙalin da aka kawo wa ƙarar fili takarda zai nema.

Akwai kuma masu haƙa kabari. Da yawansu dattawa ne da ke rayuwa da abin da masu gawa suka miƙa musu. A watan Afrilun 2020, da mace-mace suka yi yawa a Kano, su ne suka fara faɗin cewa abin ya wuce yadda aka saba, kafin daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi 8 na birnin. Da kowace makabarta na da rajista da ma’aikaci mai albashi da ke cika ta, da tun makon farko an gane abin da ke faruwa.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, za a iya tuhumar ciyaman kan katanga da fitila da albashin masu haƙa. Fili kuwa ba shi da ikon bayarwa. Wannan yana ofishin gwamna da ma’aikatar ƙasa, kuma can ya kamata kwamitocin makabarta su kai takardarsu.