Ranar da na ba Hajiya miyar kuka

Motar da Baba ya bar mana, Allah ya jiƙansa, Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, ta girme ni da shekara uku. Ƴan unguwarmu Hajiya suke ce mata, wai don sai an lallashe ta take tashi.

Wata Laraba na lura birki ya fara nutsewa, sai na taka sau biyu take jin magana. Na ɗaga murfin inji, na leƙa ƴar tukunyar man birki, saura kaɗan ta ƙafe. Ga tsohon makanikin Baba nan a Sabon Gari, amma na ce wannan ƙaramin abu ai bai kai a biya kuɗin hannu ba. Rowa ce dai kawai.

Yaron shagon kayan mota ya jera mini gora uku: DOT 3, DOT 4, da wata mai koren mai, an rubuta LHM, bayanta duk Faransanci. Ya ce, "Alhaji, wanne?" Ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba, kiran nan ya fasa mini kai. Na yi lissafin masu ilimi: mota ƴar asalin Faransa, mai ɗan Faransa, ai ƴan gida ɗaya ne. Ga shi ya fi sauran tsada. Na zaro jika huɗu ko tayi ban yi ba, na zo gida na cika tukunyar har baki.

Kwana uku birki na kamawa cak. Har a majalisa sai da na ba da labari.

Ranar Lahadi Gwaggo ta ce in kai ta suna Tibiri. Watan Afrilu ne, rana kamar ta sauko ƙasa. Muna barin gari motar ta fara nauyi. Ina taka totur, inji na kururuwa, tafiya kuwa ta hawainiya. Ɗan kabu-kabu ya wuce mu, ban damu ba. Mai keke ya wuce mu. Can sai ga amalanken jaki ɗauke da kara ya jero da mu, yaron da ke kai ya leƙo ta taga, cikin ladabi ya ce, "Sannunku da hutawa."

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, ƙaurin mi nike ji?"

Na tsaya, ko in ce motar ta tsaya da kanta. Hayaƙi na fita daga tayar gaba. Na tofa yawu a jikin ƙarfen, ya yi cuuu kamar an jefa ƙosai a mai. Ni da nake neman birki mai kamawa, na samu wanda ya kama ya ƙi saki.

Dole na kira dattijon da na guje wa. Ya iso a babur ɗinsa, ya tsoma yatsa a tukunyar, ya murza, ya shinshina, ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, wa ya ba Hajiya miyar kuka?"

Na ce, "Baba, ai na Faransa ne."

Ya ce wannan man Citroën ne, irin waɗanda ke ɗagawa sama in an tayar da su, kuma dangin man inji ne. Robobin 504 an yi su ne don wanda su tsofaffin makanikai ke kira Lockheed, wato DOT 3 ko DOT 4. Da suka sha koren nan sai suka kumbura, suka toshe ƴar kafar da mai ke komawa tukunya, birki ya riƙe. Washegari a gareji ya ɗora mini roba biyu a tafin hannu, sabuwa da tawa. Tawa ta yi suntum, ta yi laushi, kamar wake ya kwana a ruwa. Ya ƙara da cewa tun farko roba ɗaya ce tak ke yoyo, kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba.

Don in ɗan farfaɗo da mutuncina na ce, to a zuba DOT 5 mana, tunda biyar ta fi huɗu. Yaransa suka kwashe da dariya. Wancan na silikon ne, ruwan shuni-shuni, ba ya haɗuwa da 3 ko 4. Ɗaya daga cikinsu, mai ɗan boko, ya ce sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, DOT 3 kuwa 205, kuma duka biyun suna tsotsar danshi, shi ya sa ake juye su duk shekara biyu. Na Hajiya, ina jin tun Baba na raye ba a taɓa ba.

Kwana uku ta yi a garejin. Duk wata roba da tiyon birki sai da aka canza, aka wanke bututun tas. Ranar fitar da iska ni aka zaunar a kujerar direba, dattijon na ƙarƙashi yana ba ni oda: "Taka! Riƙe! Na ce riƙe, Alhajin Faransa! Saki!" Sunan ya riga ni isa unguwa.

Gwaggo dai a kabu-kabu ta ƙarasa Tibiri, ta tarar an gama rabon nama, har yau a daƙile take amsa gaisuwata. Ragowar koren man kuwa uwargida ta ɗauke, tana ɗiga wa ƙyauren ɗaki. Ya daina ƙara.