Dokar da ke yanke kasafi da kanta: wa ke shan wuƙar?

A ranar 1 ga Maris, 2013, shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya sa hannu a kan umarnin zaftare dala biliyan 85 daga kuɗin da gwamnati za ta kashe a sauran watannin shekarar kasafi. Shi bai so ba, kuma da yawa daga cikin 'yan adawarsa na jam'iyyar Republican ba su so rabin yankan ya faɗa kan sojoji ba. Amma babu wanda ya iya hanawa, domin su da kansu suka rubuta dokar da ta ce in wa'adi ya cika ba su daidaita ba, wuƙa za ta sauka ba tare da an sake kaɗa ƙuri'a ba.

Asalin maganar ya koma bazarar 2011. Bashin Amurka ya kai iyakar da doka ta yanka, dala tiriliyan 14.3, kuma 'yan Republican, waɗanda suka karɓe Majalisar Wakilai a zaɓen 2010, suka ce ba za su ɗaga iyakar ba sai an rage kashe kuɗi. Aka yi ta ja-in-ja har ƙasar ta kusa kasa biyan masu binta. A ranar 2 ga Agusta aka samu dokar ƙayyade kasafi ta 2011, mai hawa biyu. Hawa na farko ya sa wa kuɗin da majalisa ke warewa duk shekara rufi na tsawon shekara goma, wanda aka ƙiyasta zai rage sama da dala biliyan 900. Hawa na biyu ya kafa kwamitin mutum 12, shida daga kowace jam'iyya, aka ba su zuwa Nuwamba su nemo aƙalla dala tiriliyan 1.2 ta ƙarin ragi, ko ta haraji ko ta yanka. In sun kasa, sai a zaftare adadin kai-tsaye, rabi daga tsaro, rabi daga ayyukan cikin gida.

An tsara yankan ne da gangan ya zama mummuna. Lissafin shi ne 'yan Republican ba za su yarda a taɓa Pentagon, wato ma'aikatar tsaro, ba, 'yan Democrat kuma ba za su yarda a taɓa makarantu da bincike da tallafin marasa ƙarfi ba, don haka tsoro zai tilasta musu sasantawa. Tsoron bai yi aiki ba. Ranar 21 ga Nuwamba, 2011, kwamitin ya sanar cewa ya gaza. Wani ɓangare ya ƙi ƙarin haraji, ɗayan ya ƙi a taɓa fansho da inshorar lafiya sai an ƙara harajin. Abin da aka ƙera don razana mutane sai ya zama shi ne dokar da ake aiki da ita.

Ra'ayina a kan irin wannan doka shi ne: hanya ce da 'yan siyasa ke bi su guje wa aikin da aka zaɓe su dominsa. Kasafi zaɓi ne, a ce wannan ya fi wancan muhimmanci, a kuma ɗauki laifin wanda aka hana. Yankan kan-mai-uwa-da-wabi yana ɗauke wannan nauyi daga wuyan kowa. Ɗan majalisa zai koma mazaɓarsa ya ce shi bai kaɗa ƙuri'ar rufe komai ba, doka ce ta yi. Kamar magidanci ne da kuɗi suka yi wa ƙaranci, maimakon ya zauna ya duba abin da za a iya haƙura da shi, sai ya ce a rage kashi goma daga komai, kuɗin goro da kuɗin maganin mai jego duk ɗaya. Ba adalci ya yi ba, gudun magana ya yi.

Wanda ke son ganin yadda "daidaito" ya kasance a aikace, ya dubi abin da ya faru a watan Afrilun 2013. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta fara tura masu sarrafa zirga-zirgar jirage hutun dole ba albashi. Jirage suka fara jinkiri a manyan filayen ƙasar. Su wa ke hawa jirgi duk mako? 'Yan kasuwa, manyan ma'aikata, da 'yan majalisar kansu. Ba a cika mako guda ba majalisun biyu suka amince da dokar gaggawa da ta ba hukumar damar juya dala miliyan 253 daga wani asusu don dawo da ma'aikatan. A waccan shekarar kuma, shirin Head Start, mai ba 'ya'yan talakawa karatun share fagen firamare, ya rasa gurbin yara kusan 57,000, kuma babu wata dokar gaggawa da aka yi dominsu. Cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa sun rasa kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Fararen hula kusan 650,000 da ke aiki a ma'aikatar tsaro sun yi kwana shida a gida ba biya. Wuƙar ta sauka a kan kowa, gaskiya ne, amma mai murya ya yi ihu an ɗauke masa, marar murya ya haɗiye.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan girma, wadda ta shafi lissafi zalla. Kuɗin da majalisar Amurka ke warewa shekara-shekara, wanda rufin ya shafa, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da gwamnati ke kashewa a yau ba. Sauran yana tafiya ne da kansa bisa dokoki na dindindin: fanshon tsofaffi, inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare, ta masu ƙaramin ƙarfi ta Medicaid, da kuɗin ruwan bashi. Nan ne kuɗin ke kumbura, saboda al'umma na tsufa kuma magani na tsada. Dokar 2011 ta tsame fansho da Medicaid da haƙƙin tsofaffin sojoji gaba ɗaya, ta kuma ce kada ragin Medicare ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Haraji kuwa ba ya cikin yankan kai-tsayen ko kaɗan. Ba na cewa a yanke fanshon tsofaffi. Ina cewa dokar da ta kauce wa manyan dalilan giɓi, ta tasar wa ƙaramin ɓangare, ba za ta toshe giɓin ba ko da an bi ta sau da ƙafa.

Ba a kuma bi ta ba. A Disambar 2013, Paul Ryan na Republican da Sanata Patty Murray ta Democrat suka ƙulla yarjejeniyar ɗaga rufin na shekara biyu. Aka sake ɗagawa a 2015, aka sake a 2018, aka sake a 2019, har wa'adin ya ƙare a 2021. Ban da wannan, akwai asusun yaƙe-yaƙen ƙetare, na Afghanistan da Iraƙi, wanda ba ya ƙarƙashin rufin, kuma aka riƙa cusa masa kuɗaɗen da ba na yaƙi ba. Majalisar da ta ɗaure hannunta ita ce ke riƙe da bakin igiyar.

Abin mamaki, ba wannan ne karon farko ba. A 1985, zamanin Ronald Reagan, sanatoci uku, Phil Gramm da Warren Rudman da Ernest Hollings, suka kawo dokar da ta tsara yadda giɓin kasafi zai riƙa raguwa duk shekara har ya ɓace a 1991, in an saɓa kuma a zaftare kai-tsaye. Shekara guda bayan nan Kotun Ƙoli ta rushe ɓangaren da ya ba babban mai binciken kuɗi ikon ba da umarnin yankan, domin jami'i ne da majalisa ke iya tsigewa, aikin kuwa na ɓangaren zartarwa ne. Aka gyara dokar a 1987, aka ɗage wa'adin zuwa 1993. A tsakanin nan gwamnati ta ƙware wajen hasashen kuɗin shiga mai daɗin ji da matsar da ranar biyan kuɗi daga wannan shekara zuwa waccan, don takarda ta nuna an cika sharaɗi. A 1990 giɓin ya haura dala biliyan 200, aka jingine tsarin.

Masu goyon bayan rufin kasafi suna da hujjar da ya kamata a saurara, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa duk da ɗage-ɗagen da aka yi, kuɗin da majalisa ke warewa ya ragu da gaske bayan 2011, kuma giɓin Amurka ya sauko daga kusan dala tiriliyan 1.3 a 2011 zuwa ƙasa da biliyan 500 a 2015. Haka ne. Suna kuma cewa kasancewar rufi yana sa mai son ƙarin kuɗi ya fito fili ya nema, maimakon ƙarin ya shige ba a sani ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne mafi ƙarfin abin da za a faɗa a kan rufi. Sai dai babban rabo na raguwar giɓin ya fito ne daga farfaɗowar tattalin arziki bayan durƙushewar 2008, da ƙarin haraji kan masu manyan kuɗi da aka yi a farkon 2013. Ofishin kasafi na majalisar ya ƙiyasta tun a lokacin cewa zaftarewar za ta jawo asarar guraben aiki kusan 750,000 a shekarar. An tsuke bakin aljihu a daidai lokacin da miliyoyin mutane ke neman aiki kuma rance ke da arha.

Inda rufi ya yi aiki sosai shi ne bayan 1990, kuma dalilin yana da muhimmanci. A waccan shekara shugaba George Bush babba, ɗan Republican, ya zauna da 'yan Democrat, ya karya alkawarinsa na ƙin ƙara haraji, su kuma suka yarda da ragi. Bayan an gama wannan ciniki mai ɗaci ne aka rubuta rufi, tare da ƙa'idar cewa duk sabon kashe kuɗi na dindindin ko rage haraji sai an nuna inda za a cike gurbinsa. Bill Clinton ya ƙara haraji a 1993, yaƙin cacar baka ya ƙare kuɗin soja ya sauka, tattalin arziki ya bunƙasa, Amurka ta samu rarar kasafi daga 1998 zuwa 2001. Wato dokar ta zo ne ta tsare yarjejeniyar da aka riga aka cimma. Bush ya biya kuɗin wannan ciniki a zaɓen 1992, kuma ina jin 'yan siyasar da suka biyo baya sun fi tuna faɗuwarsa fiye da rarar kasafin.

Shi ya sa a 2023 aka koma gidan jiya. Shugaba Joe Biden da kakakin Majalisar Wakilai Kevin McCarthy na Republican suka daidaita kan dakatar da iyakar bashi zuwa farkon 2025, da rufin shekara biyu, dala biliyan 886 ga tsaro a shekarar farko, tare da barazanar zaftare kashi 1 cikin ɗari idan majalisa ta kasa zartar da dokokin kasafinta goma sha biyu a kan lokaci. Bayan wata huɗu wasu 'yan Republican suka haɗa kai da 'yan Democrat suka tsige McCarthy. Bashin da aka yi rigima a kansa yana tiriliyan 14 a 2011 ya haura tiriliyan 36 kafin ƙarshen 2024, kuma a shekarar kuɗin ruwan da gwamnati ta biya ya zarce abin da ta kashe wa tsaro.

Mai karatu a Najeriya zai ga kamar ya san wannan labari, kuma ya san shi. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, wadda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta ce kada giɓin kasafi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na jimillar abin da ƙasa ke samarwa, sai in akwai barazana ga tsaro ko 'yancin ƙasa. Kasafin 2021 da 2022 da 2023 duk sun tsallake wannan layi, kuma dokar ba ta tanadi hukunci mai cizo ba. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce rancen wucin-gadin da zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Rancen ya taru har naira tiriliyan 22.7, kuma a Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Saboda haka nake jin masu cewa mu kwaikwayi Amurka, mu ƙara wa dokarmu haƙori da yanka kai-tsaye.

Ban yarda ba, domin muna da namu yankan kai-tsayen, ba a dai rubuta shi ba. Ana ɗora kasafi a kan hasashen ɗanyen man da ba a haƙo ba. Idan kuɗin ba su shigo ba, biyan bashi ba ya tsayawa, albashi ba ya tsayawa, kuɗin da ake cirewa tun daga tushe, har da na majalisa, ba sa tsayawa. Abin da ke tsayawa shi ne ayyukan raya ƙasa: hanya, rijiyar burtsatse, ginin asibiti, ajin makaranta. Babu wanda ya kaɗa ƙuri'ar dakatar da su, kawai ba a saki kuɗin ba. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 sai da aka yi ta tsawaita wa'adinsa har cikin 2025. Ƙara wata wuƙa makauniya a kan wannan, mutanen da suka saba sha ne za su sake sha.

Abin da zan goyi baya ya fi wannan sauƙi a rubuce, ya fi shi wuya a siyasance. A ɗauke hasashen kuɗin shiga daga hannun masu son kashe kuɗin, a ba wata hukuma mai zaman kanta da za ta wallafa alƙalumanta kowa ya gani, kamar yadda ofishin kasafi na majalisar Amurka ke yi tun 1975. A bar rufin kashi 3, amma duk shekarar da za a tsallake shi, a kaɗa ƙuri'a ta musamman da sunan kowane ɗan majalisa a rubuce. Idan kuma kuɗin shiga suka gaza a tsakiyar shekara, ministan kuɗi ya dawo zauren majalisa da jerin ayyukan da za a dakatar, kowanne da sunansa da ƙaramar hukumar da yake, a yi muhawara a kansu kafin a rufe asusun ko da guda ɗaya.