Ɗan damfara ya fi mu haƙurin sauraron tsofaffinmu

'Yan uwana matasa, akwai wani fim na Amurka da ya fito a 2024 mai suna Thelma. Labarin wata tsohuwa ce mai shekara 93, tana zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Rannan waya ta yi ƙara, ta ɗauka, ta ji murya kamar ta jikanta, wai ya yi haɗari da mota an tsare shi, sai an kawo kuɗi. Hankalinta ya tashi, ta tattara dala 10,000 ta aika. Ashe jikan yana nan lafiya lau. Wanda ya shirya fim ɗin, Josh Margolin, daga kan kakarsa ya samo labarin, domin ita ma an taɓa yi mata irin wannan kira.

An sa raha da yawa a fim ɗin, amma wuri ɗaya ya hana ni dariya. Bayan asiri ya tonu, 'yarta da surukinta suka shiga shawarar ko lokaci ya yi da za a daina barinta ita kaɗai, tana jin su. An sace mata kuɗi, ga shi kuma ana shirin karɓe mata ikon kanta. Ku sa kanku a matsayinta. Gobe in aka sake cutarku, za ku faɗa wa wani?

A nan laifinmu yake. Tsoho ya zo da kunya yana cewa an yaudare shi, mu kuwa sai faɗa: "Haba Baba, sau nawa zan gaya maka?" Daga ranar ya koyi yin shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma kaɗan ne ƙwarai ake jin labarinsu. A Amurka kaɗai, hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta ce a 2023 masu wannan shekaru sun kai ƙarar asarar fiye da dala biliyan 3 ga 'yan damfarar intanet da waya. Waɗanda suka iya buɗe baki ke nan.

Kada mu ɗauka wauta ce ke jawo musu. Mutumin da ya riƙe gida shekara hamsin ya fi mu sanin duniya. Ɗan damfara dabara uku yake haɗawa: ya tsorata ka da wanda kake ƙauna, ya ce yanzu-yanzu, ya ce kada ka gaya wa kowa. Yau har na'ura ake sa wa ta kwaikwayi muryar mutum daga ɗan bidiyon da ya ɗora a Facebook ko TikTok, wato mu da kanmu muke ba su kayan aiki. Wani kuma ba ya tsoratarwa. Kullum zai kira, ya tambayi ƙafa, ya tambayi barci, ya saurari labarin da mu muka gaji da ji. Zai yi wata guda bai ambaci kuɗi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan kaɗaici ce. Mu da muke amsa wayar mahaifiya da "ina zuwa, zan kira ki" mu muka bar ta a buɗe.

Akwai wadda ta fi wannan ɗaci, ba na son faɗa amma dole. Sau da yawa mai cutar na gida ne. Ɗan da aka ba katin banki ya ciro kuɗin magani, ya ƙara nasa a kai. Jikan da ya miƙa takarda ya ce "sa hannu a nan kawai, Kaka," alhali ya san idonta ba ya ganin rubutun. Mai karɓo fansho yana yanke rabonsa yana kiran abin ladan wahala. Idan kana cikin waɗannan, ka san sunan abin da kake yi, kuma kasancewar dukiyar za ta zama gadonka wata rana bai halatta maka ita yau ba. Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "tir" a aya ta 23 ta Suratul Isra'i, kuma ya ambaci tsufa ƙarara a cikin ayar. To ina ga wawushe musu asusu?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 15 ga Yuni don tunawa da cin zarafin tsofaffi, amma rana ɗaya ba ta ɗaga waya. Ku zauna da su ku nuna musu, cikin ladabi, cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Ku ce musu duk wanda ya ce a yi sauri a kuma yi shiru, a kashe wayar a kira ku ta lambar da aka sani. In sun kira, ku ɗauka, ko kuna cikin aiki. Ku zaɓi wata kalma tsakaninku da za a tambayi duk mai cewa shi ne ku. In kuma an riga an cuce su, ku fara da "sannu", a sanar da banki da hukuma nan take, a bar musu katinsu da wayarsu a hannunsu.

Ni na gwada zancen kalmar da kakata. Duk wadda na kawo sai ta ce ba ta yi ba, muka kwashe rabin awa muna gardama tana dariya. Da na ajiye wayar na lissafa, rabona da yin hira mai tsawon haka da ita ya fi shekara.